Ranar Da Na Ce Labari Ne

Kawuna bai taɓa kiran sunana ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka tun ina rarrafe "Uwata" yake ce mini. In ya zo garinmu Ƙofa gaishe da Innarmu, wadda ita ce yayarsa, ni yake fara durƙusa wa, ya ce, "Uwata, an tashi lafiya? Ɗanki ya zo da yunwa." Ni kuwa in turo baki in ce ya je ya wanke ƙafa tukuna. Har na yi aure na haihu bai daina ba.

Yana zaune a wani ƙauye ta wajen Doguwa, a bakin dajin Falgore. Sana'arsa kai wa Fulani gishiri da kanwa da dusa a rugage, a kan wani tsohon babur da ya ɗaure kujerarsa da shuɗiyar igiya. Bahago ne, kuma yana da tabo da ya raba masa girar dama biyu, ƙahon saniya ne tun yana saurayi. Saboda yawan zama da Fulani, duk gaisuwar da ka yi masa amsarsa ɗaya ce, "Jam tan," wato lafiya lau. Ko babur ne ya kayar da shi ka je dubiya, jam tan. Na lissafo waɗannan abubuwa ne domin su suka kusa kashe shi, kuma ni na kwashe su na miƙa wa duniya.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kiru. In na samu sarari sai in rubuta labarai a littafin rubutu irin na ɗalibai, in buga a waya, in tura guruf-guruf na mata. Kowa soyayya take rubutawa, ni kuwa kaina ya kumbura na ce yaƙi zan rubuta. Ni da ko kaza za a yanka sai na juya baya. Na ƙirƙiro wata ƙasa da babu ita a duniya, na sa aka yi zaɓe aka ƙi yarda da sakamako, ɓangarori biyu suka ɗauki makamai, wani ƙauye ya tsinci kansa a tsakiya. Labarin ya karɓu fiye da yadda na zata. Mata suna ta turo mini saƙo, ni kuma ina jin kamar ba a taɓa yin marubuciya irina ba.

Da na zo babi na tara sai na buƙaci maci amana, mutumin gari da ke kai wa mutanen daji abinci da bayanin wanda za su ɗauka. Na yi kwana uku ina neman fuskarsa a kaina na rasa, don ban taɓa ganin irin wannan mutum ba. Sai na ɗauki fuskar da na fi sani. Ba ƙiyayya ba ce, wallahi har dariya na yi ina rubutawa, ina cewa ranar da Kawu ya ji zai ce Uwata ta gama da shi. Na ba mutumin hagun, na ba shi tabon, na ba shi igiyar, na sa masa "jam tan" a baki. Suna kaɗai na hana shi, na ɗauka hakan ya isa.

Akwai wani mutum a Bebeji da ke karanta irin littattafanmu a murya, mutane su saurara a waya. Ya nemi izinina na ba shi da murna. Muryarsa kauri gare ta, in ya zo wurin kuka sai ta karye kamar da gaske.

Ranar wata Laraba da hantsi, muna hutun tara, Inna ta kira ni. Ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Sun kama kawunki."

"Su wa?"

"'Yan sintirin garinsu. Matarsa ce ta kira ni yanzu. Yana ɗaure a ƙofar gidan mai gari. Wai shi ke kai wa mutanen daji rahoto."

Ta ce shekaranjiya aka ɗauke wani mai sayen hatsi a kan hanyar gona, gari ya ɗauki zafi. Sai ga wata murya ta ɓulla a waya, wai wani da ya tsero daga hannun mutanen daji yana rantsuwa yana kwatanta wanda ya gani a can. Mai gari ya roƙa a bari zuwa la'asar. In an yi la'asar za su shiga da shi daji ya nuna musu hanya. Ni da Inna duk mun san wanda aka shiga da shi a haka ba ya fitowa.

Ina ajiye waya wata abokiyar aikina ta ce, "Au, kawunki ne? Ai muryar tun jiya take yawo." Ta lalubo ta kunna mini. An rubuta a samanta: mutanen Falgore a kula.

"Wallahi tallahi, na gan shi da idona," in ji muryar. "Bahago ne, da tabo a girarsa ta dama. Yana zuwa da burodi a ƙarƙashin buhun gishiri. In suka gaishe shi sai ya ce jam tan."

Na san inda zai ja numfashi, na san kalmar da za ta biyo. Ni na zauna a kan tabarma da biro na jera su. Wani ne, har yau ban san ko wane ne ba, ya yanke farkon karatun da ƙarshensa, inda ake faɗin sunan littafi da sunan ƙasar da babu ita, ya bar tsakiyar tana yawo ita kaɗai.

Na nemi izinin hedimasta, na kira maigidana wanda ke kan hanyar kudu da mota, ya ce in tafi kawai. Na biya gida na ɗauki littafin, na hau achaɓa zuwa Kwanar Dangora. Can na tarar da Inna ta riga ni, tana tsaye da mayafinta a karkace da takalmi wari da wari. Ba ta san komai ba game da littafin. Ta san dai 'yarta tana yawan danna waya.

Motar da muka samu sai da ta cika kafin ta tashi, kuma direban irin mutanen nan ne da ba a yi musu gaggawa. Lokacin kamfen ne, kowace bishiya a hanya an manna mata fuskar wani. Ba mu yi nisa ba wani mai babbar riga a gaba ya kunna muryar, ya ɗaga wayar sama don kowa ya ji.

"Kun ji ko? Irin su ne a cikinmu. Mutanen wancan ɓangaren ne ke ciyar da su don a ce mun gaza."

Wani daga baya ya ce, "Ƙarya ne, naku ne. Ku kuke da su."

Suka kaure da musu, kowa yana tura kawuna jam'iyyar abokin gabarsa. Abu ɗaya suka yarda da shi duka, wai mutum ba zai yi irin wannan rantsuwa yana kuka a kan abin da bai gani ba. Inna ta kasa haƙuri. Ta ɗaga hannu biyu a cikin motar nan ta ce, "Wanda duk ya ƙulla wa ɗan'uwana wannan, Allah ya isa tsakanina da shi. Allah ya tona masa asiri a bainar jama'a."

Gwiwarta tana gugar tawa take faɗin haka. Littafin yana cikin jakata a kan cinyata, na ji kamar garwashi na rungume. Na so in yi shiru har mu isa. Na ma fara tsara yadda zan faɗa wa mai gari a keɓe ba tare da ta ji ba. Tsoron bakin uwa ya fi mini tsoron 'yan sintirin a wannan lokacin, ba zan ɓoye ba.

A Tudun Wada direba ya tsaya shan mai, mutane suka sauka sayen rake. Muka rage mu biyu.

"Inna," na ce, "ni ce."

"Ke ce me?"

"Maganar nan da ake kunnawa. Ni na rubuta. A littafina take. Wani ne ya karanta, aka yanke."

Ta juyo ta dube ni, irin kallon da take yi wa shinkafa in tana tsintar tsakuwa. Na jira mari, na ma fi son marin. Ba ta ɗaga hannu ba, kuma ba ta janye abin da ta faɗa ba.

"Kin zo da littafin?"

"Na zo da shi."

"To riƙe shi da kyau."

Daga nan har muka ratsa dajin ba ta ƙara ce mini uffan ba. Wanda ya san hanyar nan ya san yadda mota ke yin tsit in an shiga Falgore. Masu musun siyasa ma suka haɗiye maganarsu, kowa yana kallon bishiyoyi. A shingen jami'an tsaro aka sauke mu aka duba kaya, ina kallon rana tana karkata ina jin kamar in kama ta in riƙe. Na yi ta gwada kiran mutumin Bebeji ya turo mini cikakken karatun, babu sabis ko ɗigo. Da muka sauka a bakin titi muka hau babura biyu zuwa ƙauyen, an daɗe da yin azahar.

Tun daga nesa muka hango taron. Maza ne cike a gindin wata ceɗiya a ƙofar gidan mai gari, mata suna leƙe ta kan katanga. Kawu yana zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannu ta baya da shuɗiyar igiyar babur ɗinsa. Babu hula a kansa, leɓensa ya kumbura. A gabansa an zube buhun gishiri, an jera burodi guda uku a kai. Na tsaya ina kallon burodin nan. Na ɗauka ni na ƙirƙiro shi, sai a lokacin na tuna Kawu ne ya taɓa ba mu labarin wata tsohuwa a ruga da haƙoranta suka zube, ba ta iya cin komai sai burodi da madara. Ashe ko wannan ma a wurinsa na sata.

Ya ɗago ya gan mu. Ya ce, "Yaya, me ya kawo ku? Uwata, har da ke?"

Inna ta durƙusa ta gaida mai gari da liman, na durƙusa a bayanta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan kuma 'yata ce. Tana da magana."

Wani dogon mutum mai riga cike da layu, da bindiga ƙirar gida a kafaɗa, ya ce ba lokacin maganar mata ba ne. Shi ne shugaban 'yan sintirin. Daga baya na ji wanda aka ɗauke yayansa ne, kwana biyu ke nan bai runtsa ba. Idanunsa sun yi ja wur. Mai gari ya ɗaga masa hannu, ya ce in yi magana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan abin da kuka ji a waya, labari ne."

Mai gari ya ce, "Mun san labari ne, 'yata. Labarin ne ya iso mana."

"A'a, ranka ya daɗe. Ina nufin labari ne kawai. Ni na rubuta shi."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Dogon ya matso, har ina jin warin hayaƙi a rigarsa.

"Ke kika ba da labarin? To alhamdulillahi. Jama'a kun ji, 'yar yayarsa ce ma ta fallasa shi. Faɗa mana, a ina kika gan shi da su?"

Na zo ceto na ƙara masa igiya. Kalma ɗaya ce muke da ita, da wanda ake ji a rediyo da rana da wanda kaka ke bayarwa a tsakar gida, duk labari ne, kuma ban taɓa lura ba sai ranar da ran mutum ya rataya a kanta. Na ga wasu samari sun fara gyara tsayuwa. Na ga Kawu yana kallona, ba da fushi ba, kallon wanda bai gane ba.

Na ce da ƙarfi, "Ban gan shi ba! Ba wanda ya gan shi! Ƙagaggen labari ne!"

Liman tsoho ne siriri, yana zaune a kan buzu da carbi. Ya ce, "Ƙagagge. Wato ƙage ke nan?"

"Allah gafarta malam, ba haka ba ne. Wani fanni ne na rubutu, ana..."

"Yarinya, bar fanni. Abin da aka faɗa a ciki, ya faru ko bai faru ba?"

"Bai faru ba."

"Mutumin da aka kwatanta, akwai shi ko babu?"

Duk taron suka juya suka dubi girar Kawu.

Na ciro littafin. Na roƙi mai gari a kunna muryar, shi kuma ya bi rubutun da ido, tunda ya yi boko. Aka kunna. Ya sa yatsa yana bi layi-layi, leɓensa yana motsi. Inda muryar ta yanke na karɓa na ci gaba da karantawa da bakina. Layin da ke biye yana faɗin sunan ƙasar nan da babu ita, da jiragen yaƙi, da wani kogi da sojoji suka tsallaka da tankoki. Wani ya yi dariya daga baya, aka harare shi ya yi shiru.

Dogon ya ce, "Malamar makaranta ce. A mota ma za ta iya rubuta wannan."

Mai gari ya juya shafukan. Akwai tabon manja a babi na uku, akwai inda 'yata ta yi zane da fensir. Ya ce wannan ba rubutun yau ba ne. Sai yatsarsa ta tsaya a wani wuri, ya ɗago ya dube ni. Na san abin da ya gani. Da farko "girar hagu" na rubuta, sai na soke da jan biro na mayar "girar dama", don ya yi daidai da na Kawu. Bai faɗa wa kowa ba, ya rufe littafin ya ɗora a cinyarsa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na ɗauka an gama. Ashe ba a zo wurin ba tukuna.

Dogon ya sauke bindigarsa ya dogara ta a ƙasa. Muryarsa ta sauka, kuma hakan ya fi tsawar ban tsoro. Ya ce, "Allah gafarta malam, ni ban yi boko ba. Shekara nawa muna sallah sahu ɗaya da mutumin nan. Da aka ce shi ne, ni na fara cewa ƙarya ne. Abin da ya sa na ɗaure shi, na ji an ce wallahi tallahi. To rantsuwar fa? Ita ma ƙagaggiya ce? Akwai Musulmin da zai kira sunan Allah a kan abin da bai gani ba?"

Mutane suka ce, "Gaskiya ne." Har matan kan katanga.

Na sa rantsuwar nan ne don kawai ta yi daɗi a kunne, kamar yadda ake ƙara gishiri a miya. Ban taɓa ɗaukarta tawa ba, ta mutumin cikin labari ce, shi kuma babu shi. Amma a gindin ceɗiyar nan ba wanda zai karɓi wannan. An ambaci Allah, dole akwai bakin da ya ambace shi, kuma in ba na wanda ya tsero daga daji ba ne, to nawa ne.

Inuwar ceɗiyar ta riga ta kai bakin zaure. Na ga ladan ya miƙe yana naɗe hannun riga zai yi alwala.

Liman ya ce masa ya dakata. Ya juyo gare ni ya ce, "Rantsuwa ce ta ɗaure shi. Takarda ba za ta kwance shi ba, sai wata rantsuwar. Za ki iya dafa Alƙur'ani ki ce wadda ke cikin wayar nan ƙarya ce, kuma ke kika yi ta?"

Wani ya ce a ɗauka a waya, a tura duk inda waccan ta je, in ba haka ba gobe wasu daga wani gari za su zo nemansa. Mai gari ya ce haka ne.

Zan faɗi gaskiya, na yi jinkiri. Bai fi na numfashi uku ba, amma na yi. Na tuno iyayen yaran da nake koya wa, na tuno dangin mijina, na tuno matan guruf masu kirana gwana. Kawuna yana zaune a ƙasa da igiya a hannu, ni kuma ina auna sunana. Inna ce ta mintsine ni a cinya, mintsinin da ya bar mini shaida kwana da kwanaki.

Aka shiga da ni gidan mai gari na yi alwala. Matan gidan suka buɗa mini hanya, ba wadda ta ce mini sannu. Na fito, liman ya buɗe gafaka ya ɗora Alƙur'ani a kan buzu. Wayoyi suka tashi sama. Na dafa, na fara, "Wannan ƙagaggen labari..."

Liman ya ce, "Da Hausar da kowa zai gane."

Na ce, "Na rantse da wanda ya saukar da littafin nan, abin da aka ji a wayar nan ƙarya ne. Ni na ƙaga shi. Ba wanda ya tsero, ba wanda ya ga kawuna. Rantsuwar da ke ciki ni na yi ta, kuma ta ƙarya ce. Na yi wa ɗan'uwan uwata ƙage."

Liman ya ce in nemi gafarar Allah, na nema.

Dogon ne da kansa ya durƙusa ya kwance igiyar. Ya daɗe yana fama da ƙullin, don shi ya ɗaure kuma ya ɗaure da gaske. Da ya gama bai tashi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da Kawu ya ce, "To ni yayana fa?" Ladan ya kira la'asar, maza suka watse zuwa masallaci ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Kawu ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe rigarsa, ya bi su. Burodin nan uku suna nan a kan buhu har muka bar wurin.

A gidansa muka kwana. Kafin gari ya waye fuskata ta kai Kiru, ta kai Bebeji, ta kai inda ban taɓa zuwa ba. Addu'ar Inna ta cikin mota ta ci ni tun ba a je ko'ina ba. Wannan bai dame ni kamar yadda na zata ba. Abin da nake jira shi ne Kawu ya yi mini faɗa, ya zage ni, ko ya tsokane ni yadda ya saba, in san mun koma daidai.

Da safe na same shi a ƙofar gida yana zaune kusa da babur ɗin. Ya cire igiyar ya jefar, kujerar tana lilo. Matarsa ta riga ta gaya mana ya ce ya bar zuwa ruga, gona zai koma. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, tun jiya ma, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya faɗe shi a hankali, yana murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci.

Can ya ce, "Ina da tambaya. Mutumin nan na cikin littafinki, mai tabon. A ƙarshe yaya aka yi da shi?"

Na riga na rubuta babin tun makonni biyu da suka wuce. Yana cikin jakata. Na so in ce an gano ba shi da laifi, na so in ce ya gudu. Amma jiya-jiya na dafa Alƙur'ani, bakina ya ƙi.

"Mutanen gari sun kashe shi, Kawu."

"A gaban jama'a?"

"A gaban jama'a."

Ya gyaɗa kai, kamar an gaya masa farashin kanwa. Ya ce, "Masu karatu sun ji daɗi?"

Na ce ban tura ba tukuna. Ya ce to.

Inna ta fito da mayafinta, ta ce mu tafi kada rana ta yi. Ya rako mu har bakin hanya yana ɗingishi kaɗan, ya tsayar mana da masu babur, ya ja musu kunne su bi a hankali wajen kwazazzabo. Ya yi wa Inna sallama, ya ce ta gaida mutanen Ƙofa. Na tsaya ina riƙe da jakata, na ce, "Kawu, yaya hannun?"

Ya buɗe baki zai amsa yadda ya saba, na ga leɓensa ya haɗa kalmar. Sai ya tsaya, ya dubi masu babur ɗin, ya dube ni.

Ya ce, "Lafiya lau, Malama. Allah ya kai ku lafiya."